Haƙoran Alaramma Tukur

Ku gyara zama ku ji wannan, don ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A garinmu akwai wani dattijo, Alaramma Tukur, shi ke jan baki a tafsirin azumi tun muna yara. Ciwon suga ya zubar masa da haƙora kaf, har sinun da sadun suka daina fita daidai. Kwamitin masallaci ya ce in ba a gyara ba kafin a ga wata, za a ɗora wani a kujerarsa. Mutum uku suka tashi tsaye a kan lamarin.

Na farko Lawandi, ɗansa na fari. Tsohon ya ƙi haƙoran roba ƙememe, ya ce abin da Allah Ya karɓa ya karɓu. Lawandi ba ya iya doguwar magana da mahaifinsa saboda kunyar ɗan fari, sai ya bi aminan tsohon gida-gida har suka shawo kansa. Ba don shi ba, da ko ƙofar asibiti ba a taka ba.

Na biyu Dakta Nafi'u, likitan haƙori, mijin 'yar Alaramma. Yana da wata na'ura kamar tocila, ana zagaya ta cikin baki tana ɗaukar hoton dasashi, kwamfuta ta fitar da awo. To amma bakin da babu haƙori ko ɗaya ba ya tsayawa wuri guda, naman yana bin harshe da kumatu duk inda suka motsa. Shi ya sa Nafi'u kan sa marasa lafiya su wage baki, su zaro harshe, su turo leɓe, har ya ƙara da tsohon awo na ƙullu don ya tabbatar. Da surukinsa ya hau kujera kuwa, sai kunya ta hana shi sa shi yin haka, ya kafe ido a kan kwamfuta, ya zagaya na'urar sama-sama, ya ce, "Baba, an gama." Duk da haka, ba don shi ba da babu haƙoran.

Ta uku Barira, 'yar tsohon, matar likitan. Ita ta koya masa sawa da cirewa, ita ke wanke su, ita ke lallashinsa duk ranar da ya ce ya haƙura. Ba don ita ba, da tuni ya jefa su bayan akwati.

To ga inda abin haushin yake. Ranar gwaji Nafi'u ya ga jerin haƙoran ƙasan yana rawa. Ya tambaye shi, kansa a sunkuye, "Baba, ba su dame ka ba?" Tsohon ya ce, "Madalla, Allah Ya yi albarka." Nafi'u ya riƙe wannan a matsayin amsa, alhali ya san suruki ba zai taɓa kushe aikinsa a gabansa ba. Barira tana ganin jini-jini a jikinsu in za ta wanke, amma in mijinta ya tambaya sai ta ce, "Lafiya lau suke," don kada ta ba shi kunya. Lawandi kuwa yana jin ƙas-ƙas daga zaure in tsohon na tilawa, sai ya ɗauki takalmansa ya fice.

Ranar farko ta tafsiri masallaci ya cika maƙil, lasifika a kunne. Alaramma ya ja ayar farko tiryan-tiryan, mutane suna hamdala. Da ya ɗaga murya a kan doguwar madda, na ƙasan ya kufce ya daki makirufo, ƙarar ta kai har kasuwa. Ya rufe bakinsa da jelar rawani, ya miƙe, ya ratsa jama'a ya fita. Bai sake jan baki ba. Yanzu ko salla a sahun baya yake yi, yana sallamewa ya wuce gida.

Shi bai zargi kowa ba, ni ne na kasa haɗiyewa. Nafi'u na ɗora wa na'ura laifi, Barira na cewa tsakanin uba da miji aka matse ta, Lawandi na cewa shi ba likita ba ne, kuma kowannensu na rantsuwa ladabi ya yi.

To jama'a, da wanda ya sani ya kau da kai, da wadda ta gani ta ce lafiya lau, da wanda ya ji ya ɗauki takalmansa, wane ne ya fi cin amanar tsohon nan?