Wayar da Sallau Ya Tone

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba zan kama sunan garin ba, don na san halinku, yanzu sai ku fara lissafa dangi. Sunansa Sallau, mai gyaran wutar lantarki ne. Ba shi da shago. Jakar buhu ce da filaya da 'yar wuƙa, sai keke.

A bakin garin akwai wata tsohuwa, Goggo Lanti, mai lambun albasa da mangwaro. Mijinta ya rasu ya bar mata lambun da wani baƙin kare, Duna. Na ga wasu sun ɗaga gira. Ku sauke ta, karen gadin lambu ne, kuma shi ne dalilin da ɓarayin mangwaro ba sa ƙarasa tsohuwar nan.

To, Duna yana da hali guda, ba ya ganin ɗan akuya ya ƙyale. Sau biyu yana fita ya yi ɓarna a garken maƙwabcinta. Magana ta je gaban mai unguwa, aka yanke: in ya sake fita, a kashe shi. Ta ɗaure shi, igiya ta ci masa wuya, gadi kuma ya tsaya. Sai ɗanta da ke birni ya aiko da wata na'ura, ɗan akwati da abin wuya. Ana binne waya a ƙasa ta kewaye lambu, in kare ya matso kusa da ita abin wuyan ya yi ƙara, in ya ƙi ji ya ɗan tsikare shi. Waya ce kawai babu. Aka kira Sallau.

Ku saurara, nan ne aikin yake. Wayar da za ta kwana a ƙasa ba irin ta cikin ɗaki ba ce. Akwai damshi, akwai gara, akwai bakin fartanya. Sallau ya je kasuwa, mai shago ya miƙo masa siririya. Ya ce a'a. Mai shago ya miƙo wata mai ƙyalli, Sallau ya datse bakinta da filaya, ya ga cikinta fari fat, farin ƙarfen nan ne mai araha, goran ruwa, aka shafa masa ja. Ya ce a'a.

"Mai kauri nake so, jan ƙarfe zalla, mai baƙar roba mai tauri."

"Wane babban gida za a ja wa wuta, Injiniya?"

"Ta kare ce."

Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kare! Malam, karen zai duba ne?"

"Ba zai duba ba. Kawo dai."

Mai shago ya nuna masa guntuwa, Sallau ya datsa, ja har ciki. Sai mutumin ya shiga ciki ya fito da sabon ƙunshi a leda, iri ɗaya a ido. Sallau ya ɗaura a keke ya tafi. Bai datsa wannan ba. Kuskurensa ke nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, don mutum ne kamar ku.

Kwana biyu yana haƙa, shi kaɗai, a rana. Ya kewaye lambun tsaf, ya shimfiɗa waya, ya mayar da ƙasa, ya daddanne. Goggo ta bi bayansa ta dasa albasa a gefen layin. Ya zo haɗa bakin waya da akwati, ya sa filaya ya datse abin da ya yi saura.

Fari. Fari fat.

Ya haɗa duk da haka ya gwada, abu ya yi aiki. Duna ya rugo, ya ji ƙara, ya ja da baya. Goggo ta ɗaga hannu tana sa masa albarka, har da hawaye.

Yanzu ku sa kanku a wurinsa. Aiki yana yi. Tsohuwa ba ta san ja ba, ba ta san fari ba. Wayar nan za ta kai damina, damshi ya shige ta, ta ruɓe ta katse a wani wurin da ba mai gani, kuma ranar ba wanda zai ce Sallau. Za a ce gara ce. Za a ce kayan zamani ne, ba su da ƙarko. Kare ya fita, a kashe shi, shi ke nan. Wa zai kai ƙara saboda kare?

Sallau ya durƙusa ya ce, "Goggo, ki dakata da addu'ar nan tukuna. Wayar da na binne ba ta kirki ba ce. Ban duba ba, laifina ne. Sai na tone ta."

Kuna zaton ta gode masa? Wallahi faɗa ta rufe shi da shi.

"Kai ɗan nan, lafiyarka? Abu yana aiki ina gani da idona! Albasar da na dasa fa? Ka tone min ita?"

"Zan sake dasa miki da hannuna."

"Karen kuma ya koma igiya?"

"Kwana uku, Goggo. In na bar ta, ba zai ga kaka ba."

Ta juya ta shige bukka, ranar ko ruwa ba ta miƙo masa ba. Ya tone, taku bayan taku. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo, wani ya ce ga mai binnewa da tonewa, wani ya laƙaba masa Injiniyan Karnuka, sunan kuma ya bi shi har kasuwa. Ya ji zafi, kada ku ce bai ji ba. Ya naɗe wayar ya kai wa mai shago, bai zage shi ba, ya dai ajiye ta a gabansa ya datse ta a idon mutane. Aka fito da ta gaskiya. Wannan karon ya datsa farkonta, ya datsa ƙarshenta, sannan ya ɗauka. Ya sake binnewa, ya sake dasa albasa.

Damina ta zo da ƙarfinta, lambu ya yi kwanaki cikin ruwa. Awakin maƙwabci suka haihu, 'ya'yan suna tsalle a bakin lambu. Duna ya gani, ya taso a guje kamar yadda ya saba, maƙwabci yana tsaye da gora a hannu. Karen ya zo kan layi, ya tsaya cak.

Na ga kuna jira in ce Sallau ya tsinci tukunyar zinariya. Bai tsinta ba. Da kekensa ya tsufa. Abin da ya faru shi ne Duna ya mutu da tsufa a cikin lambun, Goggo kuma ta ci mangwaronta har ƙarshen ranta.

Jama'a, amana ita ce abin da ka yi a wurin da ƙasa za ta rufe. Kai magini, ka san abin da ka zuba a tushen ginin nan kafin a yi yaɓe. Kai makanike, ka san ko sabon abu ka sa a cikin injin ko tsohon ka wanke. Ba ni nake tambaya ba, ni ban iya dubawa ba, wanda ya ba ka aikin ma bai iya ba. Allah ya iya. In akwai wanda yake zaune a nan ya san ya binne fari ya ce ja ne, to wanda aka yi wa aikin yana da rai, kai ma kana da rai. Ka tashi daga nan ka je ka faɗa masa, ka sha faɗan, ka tone.