Wayar da Aka Yi wa Rauni

Akwai wani mutum, masanin kimiyya, wanda asibitin garinsu ya roƙa ya yi wayar lantarki don na'urar da ke duba cikin jikin marasa lafiya. Ba irin wayar gidajenmu ba ce. Da garin ƙarafa ake yin ta, a gasa kamar tukunya. In aka sanyaya ta sosai, wutar lantarki takan bi ta sumul, ko ɗigo ba ya ɓata.

Mutumin ya yi ta santal, ba tabo, yana lallaɓa ta kamar jaririya. Amma da ya sa ta kusa da babban maganaɗisun na'urar, sai ƙarfin maganaɗisun ya shiga cikinta kamar 'yan ƙananan guguwa, suna ta yawo. Wayar ta ɗau zafi, ta kasa.

Ransa bai so ya yi mata tabo ba, amma don ya tsai da guguwar, ya kai ta wani ɗaki inda ake harba wani irin haske mai ratsa ƙarfe. Hasken ya yi mata 'yan raunuka waɗanda ido ba ya gani. Da ya sake gwadawa, sai kowace guguwa ta faɗa cikin rauni guda ta tsaya cik. Wayar ta ɗauki wutar da ba ta taɓa ɗauka ba.

Ya koma gida da murna ya gaya wa matarsa.

Ta yi dariya ta ce, "Ashe turke ka kafa wa awakinka, Baban Rifkatu. To, kai musu abinsu, marasa lafiya suna jira."

Ya ce, "Haba, ke! In kaɗan ya yi haka, mai yawa fa?"

Ta ce, "Kai dai ka sani."

Sai ya mai da wayar ɗakin hasken, ya bar ta ta daɗe. Raunukan suka yi yawa har suka cinye hanyar da wutar take bi. Ya sanyaya ta, ya ƙara sanyayawa, shiru. Wayar ta mutu. Marasa lafiya kuwa suna can suna jira.

Ma'anar wannan misali ita ce: wayar nan zuciyar mutum ce, hasken kuwa gwaji ne. Wanda bai taɓa shan wuya ba, in damuwa ta zo, ba ta samun inda za ta tsaya. Shi ya sa Ubangiji yakan bar gwaji ya same mu, amma da awo, gama ya san ƙarfin abin da ya halitta.

Mu fa ba mu sani ba. Iyaye, malamai, yayye, sau nawa muke cewa, "Ni ma wuya ce ta gyara ni," sai mu ƙara wa yaro tsawa da duka? Ya yi shiru, mu ce ya gyaru. Wayar nan ma shiru ta yi.