Itatuwa Arba'in a Bakin Kwazazzabo

A wani gari akwai wani magidanci wanda gidansa ne na ƙarshe kafin a kai kwazazzabo. Ba a cika kiran sunansa ba, Baban Godiya ake ce masa. Mutum ne mai ƙarfin hannu, amma bakinsa ya fi hannun ƙarfi. In ana noma shi ne zai fara kai ƙarshen kunya, ya juyo ya riƙe ƙugu, yana tambayar na baya ko a aika musu da jaki ya ƙaraso da su.

Kwazazzabon nan a dā 'yar hanyar ruwa ce, akuya ma tana tsallakewa. Da aka sassare itatuwan gefe aka yi gawayi da su, sai ya buɗe baki. Kowace damina sai ya gutsiri ƙasa. Ya ci hanyar kasuwa, ya ci gonakin gyaɗa biyu, ya haɗiye wata rijiya har da murfinta. A ƙarshe ya zo ya tsaya taku goma sha biyu daga rumbun Baban Godiya, inda abincin gidansa na shekara yake.

Sai mutanen garin suka taru suka ce abin ya isa haka. Suka hana saran ɗanyen itace, suka sa ranar Asabar ta zama ta share magudanai da tsince leda. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Iya Damaris, wadda ta yi shekaru tana aiki a gandun renon itatuwa. Ita ta reni dashen darbejiya a bayan gidanta duk rani, kowanne a cikin 'yar baƙar leda mai kauri. Da ruwa ya sauka aka sa ranar gayya, aka raba gaɓar kwazazzabo gida gida. Baban Godiya ya sami dashe arba'in, maƙwabcinsa Dogara shi ma arba'in.

Kafin a fara, Iya Damaris ta durƙusa ta nuna musu yadda ake yi. Ta sa aka haƙa rami da dagi, ta tsaga ledar da reza daga sama har ƙasa, ta zare ta a hankali don kada ƙasar gindin ta warwatse, ta zaunar da dashen, ta rufe, ta daddanna da tafin hannu.

Ta ce, "'Ya'yana, ledar nan ta reno ce kawai. A cire ta, a zuba a buhun can, kada awaki su ci."

Aka turo wa Baban Godiya mutum biyar su taya shi. Ya dube su sama da ƙasa ya ce, "Ku je ku taimaki Dogara, shi ne mai ciwon baya. Arba'in ai ni karin kumallo ne."

Dogara ya ce, "To, Allah ya sa ka ƙoshi."

Dashe na farko Baban Godiya ya yi shi yadda aka koya. Reza ta zame ta kusa yanka masa yatsa, ƙasar ta so ta fashe, sai da ya lallaɓa ta kamar mai ɗaukar jariri. Da ya ɗago kai, ya ga su Dogara sun kai na shida. Ya ce a ransa, "Yau Dogara ne zai riga ni? A gaban mata?" Ya juya leda ta biyu a hannunsa, sai dabara ta faɗo masa. Ai ledar ma alheri ce: tana riƙe ruwa, gara kuma ba ta shiga. Tsohuwar nan tsohon ilimi gare ta. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya zura dashen a rami da ledarsa, ya tura ƙasa da ƙafa.

Haka ya yi wa talatin da tara. Rana ba ta kai tsaka ba ya gama. Ya bi ta bayan su Dogara kamar mai duba aiki, ya dumbuzi yagaggun ledoji daga tarin da suka yi, ya je ya zuba a buhu a gaban kowa, yana karkaɗe hannu. Mata suka yi guɗa. Mai unguwa ya miƙa masa hannu. Aka ba shi kunu a babbar ƙwarya, ya sha yana kallon Dogara ta saman bakinta.

Gaskiya dai a faɗe ta, bai yi lalacin ban ruwa ba. Duk rani yana fita da bokiti biyu, daidai lokacin da mutane ke wucewa kasuwa. Itatuwan suka yi kore shar. Baƙi in sun zo ganin aikin garin, layinsa ake fara kai su.

A shekara ta biyu na Dogara suka wuce kan mutum. Nasa suka tsaya a ƙugu, sai guda ɗaya tak a bakin layi, wanda ya dasa da fari, shi ya miƙe ya bar 'yan'uwansa.

Matarsa Kezaya ta ce, "Maigida, me ya sa namu ba sa tsawo?"

Ya ce, "Irin gajeru ne. Ƙarfinsu a ƙasa yake."

"Wancan dogon fa?"

"Shi ne namijin."

Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe. Shi kuwa ya san abin da ya binne. Sau biyu yana ɗaukar dagi da nufin ya tone su ya gyara, sau biyu yana tuna guɗar da aka yi masa, ya mai da dagin bayan ƙofa. In ya tone, me zai ce wa mai wucewa?

A damina ta uku, cikin watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi wuya a kowane gida, Kezaya ta kira shi bayan rumbu ta nuna masa wata tsaga a ƙasa, yatsa na shiga. Ta ce su kwashe dawar su kai ɗakin Dogara kafin a yi wani ruwan.

Ya ce, "Ni in kai hatsina ajiya gidan Dogara? Sojoji arba'in na sa gadi a wurin nan."

Kwana uku bayan haka aka tashi da ruwa tun hantsi. Ba a ɗauke ba har la'asar. Yana zaure tare da Dogara da wasu da suka fake, yana ba su labarin yadda ya taɓa riƙe bijimi da hannu ɗaya, sai suka ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tabarma. Wata ƙara ta biyo baya, kamar an juye tifar yashi goma a lokaci guda.

Suka zagaya bayan gida a guje. Kezaya na tsaye a bakin madafa da muciya a hannu, tana nuni da ita. Inda rumbu yake babu komai sai sarari. Babu rumbu, babu katangar baya, babu akurkin kaji. Ƙasa ta yanke tsaf kamar an sa wuƙa, taku biyu daga ƙofar ɗakin kwana. Can ƙasa jan ruwa yana juya dammunan dawa, yana tafiya da su ɗaya bayan ɗaya.

Baban Godiya ya tsuguna a bakin ramin, ya dafe kai da hannu biyu. Tun da aka san shi ba a taɓa ganin haka ba.

Kafin ruwa ya gama ɗaukewa gari ya taru. Kowa ya iso sai ya riƙe baki. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne, gefen Dogara yana nan daram, ko gutsure bai yi ba, gefen maƙwabcinsa na ɗaya hannun ma haka. Ruwa ya zaɓi layin da aka fi yabo ya shiga ta nan.

Wata mata ta leƙa ƙasa ta ce, "Wai mene ne wancan baƙi-baƙi a gindin itatuwan da suka faɗa?"

Baban Godiya ya kau da kai.

Sai ga Iya Damaris ta iso, tana dogara sanda. Aka buɗa mata hanya. Itatuwa goma sha ɗaya ne suka rage a tsaye a layin. Ta daɗe tana kallon su. Ta miƙa wa Dogara sandarta, ta kama ɗaya daga cikin gajerun da hannu ɗaya, hannun da ko tulu ya daina ɗauka, ta ja. Itacen shekara uku ya fito sumul, kamar an zare ludayi daga kunu. Ga leda a gindinsa, baƙa ƙirin, ko ruɓewa ba ta fara ba. Ta yage ta da farce. Saiwar ta nannaɗe a ciki, ta zagaye kanta ta sake zagayewa, ta zama gammo. Wani ɗan siririn zare ne kaɗai ya leƙa ta hujin gindi.

Mutane suka matso suna leƙe.

Dogara ya ja na biyu, ya fito. Mai unguwa da kansa ya ja na uku. Haka aka bi su har goma, ana jerawa a ƙasa, kowanne da ledarsa. Da aka zo kan dogon, ƙarti uku suka kama suka yi nishi, ko gezau.

Kezaya ta ce a hankali, "Maigida, irin gajeru?"

Dogara ya ce, "To ledojin da ka zuba a buhu ranar nan, na wa ne?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Naka ne."

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Iya Damaris ta karɓi sandarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, shekara uku kana ba leda ruwa."

Ran nan iyalinsa a gidan Dogara suka ci tuwo, haka kuma suka yi ta ci har kaka. Ta giɓin da ya bari kuwa ruwa ya fara sassaƙar gefen Dogara, sai da garin duka ya sake fitowa da buhunan yashi, har da masu ciwon bayan gaske.

To, 'yan'uwa masu sauraron wa'azi, ga ma'anar misalin nan, ku gyara zama, na can baya su bar gyangyaɗi.

Dashen nan mu ne. Ƙasar da aka haƙa ita ce Maganar Allah da zumuntar masu bi. An kawo mu, an zaunar da mu a wuri mai kyau, ana ba mu ruwa kowace Lahadi. Amma da yawanmu da ledarmu muka shigo. Ledar wani gaba ce da ɗan'uwansa, tun rabon gonar ubansu. Ta wani 'yar laya ce da ya ɗinke a cikin aljihu, wai ko da za a yi. Ta wata baki ne, ana tashi daga sujada kafin a kai bakin titi ta gama yanka mutum uku. Akwai kuma wanda ledarsa ita ce son a ce shi ne, kuma wannan ta fi kauri, shekara hamsin a ƙasa ba ta ruɓewa.

Abin tsoron shi ne, mai leda ba ya bushewa nan da nan. Kore ne shar. Yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ya san inda ake tashi da inda ake zama, ya shekara ashirin a benci ɗaya har bencin ya san nauyinsa. Sai dai saiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, kanta take zagayawa. Ba ya riƙe kowa, ba kuma abin da yake riƙe da shi. Ranar da babban ruwa ya zo, rashin lafiya ne, ko rashi, ko wata jaraba mai daɗin baki, tsohuwa ma da hannu ɗaya za ta zare shi.

Kada kuma wani ya ce tsakaninsa da Allah ne, ina ruwan mutane. Rumbun da ya tafi ba na Baban Godiya kaɗai ba ne. Kezaya ba ta binne leda ko ɗaya ba, amma ita ma ta ci tuwon gidan maƙwabta. Haka yake ko a aikin gari. Wanda ya share ƙofar gidansa ya tura sharar cikin magudana, da wanda ya dasa itace don a ɗauki hotonsa, duk gidan maƙwabci suke aika wa ruwa.

Mutumin nan bai rasa lokacin gyara ba. Shekara uku aka ba shi, dagi kuma yana bayan ƙofa. Kunyar a gan shi yana tone abin da aka yabe shi a kai ita ta hana shi, sai aka tone masa a gaban gari duka. Tuba tana da zafi, gaskiya ne, tsagawa ce daga sama har ƙasa, kuma maƙwabta za su tsaya su tambaye ka me kake yi. Ka gaya musu. Kowa a cikinmu ya san abin da ke gindinsa, ba sai an nuna shi da yatsa ba. Wanda ya ji wa'azin nan ya waiga yana neman wanda ake nufi, to da shi ake. Ya koma gida ya tone da hannunsa tun ƙasa tana riƙe.