Motar da Yunwa ta Toshe wa Kunne

Akwai wani mutum mai gyaran fanka da rediyo, sunansa Filibus. Yana da wa, Zakka, wanda ya yi shekaru yana haɗa wata 'yar mota da hannunsa, irin wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. A garinsu manyan mutane, har da masu furfura, sukan taru ran Asabar a wani fili bayan gari su yi tsere da irin waɗannan motoci. Ko hakan ya dace da masu iyali, wannan maganar wata rana ce.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Zakka. Ya tashi daga jinya, amma hannunsa na dama bai tashi ba. Ba ya iya riƙe cokali, balle rimot. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna a ƙofar ɗaki da motar a cinyarsa, yana goge ta da tsumma.

Da babban tseren ƙarshen shekara ya matso, ya kira ƙanensa ya ce, "Filibus, ka tuƙa mini ita. In gan ta tana gudu, ka dawo mini da ita, shi ke nan."

"Yaya, ai ta ɗaya za ta zo."

"Ban roƙe ka wannan ba."

To, Filibus gajiyayyen mutum ne. Ga shago, ga gona, ga kai yayansa asibiti, ga nasa iyalin. Amma ya ƙudurta a ransa sai ya ga Zakka ya yi dariya ko sau ɗaya. Ya kai motar shago ya buɗe ta. Ban da injin gudu, abu biyu ya tarar. Akwai kunne, wato ɗan akwatin da ke jin umarnin rimot. Akwai hannu, wato ɗan injin da ke juya tayoyin gaba dama da hagu. Dukansu batir ɗaya ke ciyar da su, kamar 'ya'yan da ke cin tuwo a kwano ɗaya.

Hannun ya tsufa, yana juyawa a hankali. Filibus ya tafi kasuwa neman wani.

Mai kayan ya ce, "Oga, ɗauki wannan. Haƙoransa na ƙarfe ne. Ko bunsuru ya kama sai ya juya shi. Sai dai yana da ci, ba na ɓoye maka. In haɗa maka da babban batir?"

Filibus ya tuna cewa babban batir ba zai shiga ba sai an yanka cikin motar an sake shirya wayoyi, aikin yini guda. Bayansa na ciwo, idonsa na yaji. Ya ce, "Bar shi. Wanda ke ciki bai taɓa ba mu kunya ba."

Ya koma ya ɗaura sabon hannun. Ya ɗora motar a kan gwangwanin madara, tayoyinta suna lilo a iska, ya taɓa rimot. Dama, ta juya. Hagu, ta juya, kamar ƙiftawar ido. Ya ce madalla, ya rufe shago. Bai gwada ta a ƙasa ba, bai kuma faɗa wa yayansa canjin da ya yi ba.

Ranar tsere ya kawo Zakka ya zaunar da shi a kujera a inuwa. Wani tsohon abokin Zakka ya hango su ya ce, "Haba Zakka, mai gyaran fanka ka ba mota? Ai wuri ɗaya za ta yi ta juyawa!"

Zakka ya ce, "Ko da haka, sai ta riga wannan akwalar taka."

Aka hura usur. Motar ta fita kamar an harba ta, ta wuce sauran duka. Filibus ya saci kallon yayansa, ya ga gefen bakinsa mai lafiya ya fara motsi. Sai ya ƙara mata wuta.

A ƙarshen filin akwai kwana mai yashi, bayanta kuwa tsohon ramin haƙar kuza ne cike da ruwa, ba wanda ya san zurfinsa. Motar ta iso kwanar a guje. Filibus ya murɗa. Tayoyi suka nutse a yashi, sabon hannun ya yunƙura da dukan ƙarfinsa, ya lashe wutar batir ɗin kaf, bai rage wa kunne komai ba. Kunne ya mutu. Gudun da ta riga ta ɗauko ya miƙe da ita. Filibus ya danna, ya sake dannawa, har ya ɗaga murya ya ce, "Tsaya!" Ta faɗa ruwa. Kumfa ta taso kaɗan, ta kwanta.

Filibus ya fara cire takalmi don ya shiga. Zakka ya ce, "Kada ka shiga. Ramin nan ya ci mutane."

Filibus ya dawo ya durƙusa a gefen kujerar. "Yaya, na kira ta, ta ƙi ji."

"Me ka sa mata?"

"Hannu mai ƙarfi."

"Abincinsa fa?"

"Tsohon batir ɗin na bari." Zakka ya daɗe yana kallon ruwan, sa'an nan ya ce, "Ba ƙi ta yi ba. Yunwa ce ta toshe mata kunne. Kai ni gida, na gaji."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa, ku kasa kunne. Motar nan ku ce. Mai rimot Ubangiji ne. Hannun shi ne ayyukan da kuke ta ɗaura wa kanku, batir kuwa ɗan ƙarfin da aka ba ku na kowace rana, kuma ɗaya ne tak. Kuna cikin mawaƙan ikilisiya, kuna cikin ƙungiyar zumunta, kuna kwamitin gini, kuna neman na abinci, ba ku taɓa ce wa kowa a'a ba. Lokacin addu'a ya yi, kai ya faɗi a kan ƙirji, sai minshari. A kan bencin Lahadi kowa yana juyawa da kyau, domin ƙafafunsa suna lilo a iska. Ran Talata, a cikin yashi, da fushi ko jaraba a gabanku, nan ne Ubangiji zai ce ku juya, ku kuwa ba sauran wutar da za ku ji shi.

Kada wani ya ce mini ai da kyakkyawan nufi ya yi. Filibus ma don ƙauna ya yi, ruwa bai tambaye shi ba. Wanda ya san ƙarfinsa bai kai ba, ya je wurin shugabansa yau, kafin ya ci tuwon rana, ya ajiye aiki ɗaya. Ikilisiya ba za ta rushe ba don ba ku zo dafa shinkafa ba.