Ramin Doña Casilda

Akwai wani a cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Tun ranar da aka fara tafa masa ya daina gaishe da masu share wurin da yake tsayawa. Kai nake wa labarin nan. Saura ku matso ku ji.

Akwai wata mata a birnin Mexico ana kiranta Doña Casilda Barragán, a zamanin da silima ke cinye gidajen wasan kwaikwayo ɗaya bayan ɗaya. Sana'arta raɗa. A bakin dandamali akwai wani ɗan rami mai murfi kamar rabin ƙwarya, bayansa na kallon jama'a. Nan take shiga kowace yamma da littafin wasan da 'yar fitilarta. In ɗan wasa ya manta maganarsa, sai ta jefa masa kalmar farko, ya cafke ya ci gaba, 'yan kallo ba su san an yi ba.

Shekara talatin da takwas tana cikin ramin nan. Ta hori muryarta har ta zama taku shida take yi ta tsaya. Wanda ke kan dandamali ya ji ta tar, wanda ke kujerar gaba ko motsi bai ji ba.

To, gidan ya tsufa, rabin kujeru ƙura ce ke zama a kansu. Mai gidan, Don Evaristo, ya tara ma'aikata ya ce masu silima sun taya ginin. Dabara ɗaya ta rage masa: ya ɗauko taurarin fim biyu, Leandro Villaseñor da Nidia Olvera, su fito a gaban mutane ido da ido. In gari ya zo kallo, gida ya rayu. In bai zo ba, a kafa farin allo, kowa ya kama gabansa.

Leandro ɗin nan, mata har yanke hotonsa suke yi daga jarida su liƙa kusa da na waliyyai. Amma bai taɓa taka dandamali ba. A wurin ɗaukar fim shafi guda ake ba shi da safe. In ya yi kuskure a ce a yanke, a goge masa gumi, a sake. Nan kuwa awa biyu ne cur, babu mai yanke maka komai.

A mako na biyu na gwaji ya tsaya cik a tsakiyar magana. Casilda ta jefa masa kalmar. Ya sunkuya yana leƙe.

"Wane ne ke mini magana daga ƙarƙashin ƙasa?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Casilda. Na ga ka tsaya ne."

"Tsayawa na yi don magana ta ratsa mutane, tsohuwa. Shiru ma wasa ne. Kin taɓa shiga silima kuwa?"

"Na ga finafinanka biyu," in ji ta. "Amma shirun da aka yi da gangan, ido ba ya yawo a cikinsa. Naka yawo yake."

Masu jan labule suka tuntsire da dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba, haka take yi wa kowa magana. Amma mutumin da ya saba da tafi, dariya guda ta ishe shi ciwon shekara.

Washegari ya ce a rufe ramin. Wai yana so ya zo har bakin dandamali fitila ta hasko fuskarsa, kuma murfin nan yana tare masa hanya.

Nidia ta ce, "Leandro, ka bar matar nan. Jiya kaɗai sau biyu ta tsamo ni."

"Ke ce mai buƙatar a tsamo ki. Don Evaristo, ka zaɓa: ko ni, ko ɓerar ramin nan."

Don Evaristo ya sami Casilda a ɗakin ɗinki, hularsa a hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Yaya Casilda, ki yi mini haƙuri. Sunansa ne ke sayar da tikiti."

"To bari in tsaya a gefe, bayan labule. Ba wanda zai gan ni."

"Ya ce ko inuwarki ba ya son gani a gidan."

"Evaristo, yaron nan bai riƙe kashi na biyu na wasan ba. Zai faɗi, kuma da mu zai faɗi."

Ya kira kafinta. Tana tsaye kafinta ya ɓalle murfin, ya jera katako a bakin ramin, ya bi da ƙusa. Ta ajiye littafin a kan kujera ta fita. Ba ta buƙatarsa, wasan duka yana kanta.

Ranar buɗewa layi ya kai har tashar tarago. Casilda ta sayi tikiti kamar kowa, na benen can sama da muke kira akurkin kaji, inda direbobi da 'yan aikin gida ke cushewa suna ɓare gyaɗa da lemo. Shekara talatin da takwas takalma da haɓa kawai take gani daga ƙasa. Ranar ce ta fara ganin dandamalin daga gaba.

Kusa da ita wata ƙatuwar mata ce mai sayar da tamal, wani irin alalen masara, a bakin kasuwa. Da Leandro ya fito, gida ya ɗauka da tafi, matar ta zunguri Casilda.

"Ashe gajere ne."

"A fim doki ne ke ƙara masa tsayi," in ji wani direba daga baya.

"Rufe mana baki, kai ma ina naka tsayin? Iya, dubi gashin bakin nan, don Allah. Kuɗin garin masara na kwana biyu na ba da, kuma ban yi asara ba."

Kashi na farko ya wuce da ƙyar. Leandro yana tsallake magana, Nidia tana bin bayansa tana ɗinkewa. Jama'a ba su lura ba, fuska suka zo gani. Casilda kuwa leɓenta na motsi tun da aka ɗaga labule.

Sai kashi na biyu. Nidia ta fita, aka bar shi shi kaɗai: soja ne ya dawo daga yaƙi, yana tsaye a ƙofar gidan uwarsa. Ya tako har bakin dandamali, ya tsaya a kan sabon katakon, fitila ta cika masa fuska yadda ya so. Ya buɗe baki.

Babu komai.

Ido ya fara yawo. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Sannan ya dubi ƙasa, tsakanin takalmansa.

Kada in yi muku ƙarya, zuciyar Casilda ta ce mata ki bar shi ya sha. Amma ba shi kaɗai ke tsaye a kan katakon nan ba. Masu jan labule na kai, mai ɗinki na kai, mutum ashirin da wani abu da iyalansu. Ta miƙe, ta kama ƙarfen bene, ta faɗi maganar.

Muryar ta yi taku shida ta tsaya.

Ta sake, da duk ƙarfin ƙirjinta. Ta sake na uku. Abin da ya fito bai wuce hucin tukunya ba.

"Iya, lafiya?" in ji mai tamal.

"'Yata, kina da murya. Abin da zan faɗa miki, ki ƙwala shi yanzu yanzu."

"In ƙwala me? A fitar da ni?"

Kafin Casilda ta gama lallashinta, Leandro ya yi abin da jikinsa ya saba. Ya ɗaga hannu sama, a gaban mutum ɗari tara, ya ce, "A yanke. Mu sake."

Sai dariya ta ɓarke daga akurkin kaji ta gangara har kujerun masu kuɗi. Fito ya biyo baya, kun kuwa san fitonmu, zagi ne da ba ya buƙatar kalma. Mai tamal ta gane abin da ke faruwa, ta ƙwala maganar, amma wa zai ji? Ɓawon lemo ya fara sauka. Direban nan ya haɗa hannu a baki ya ce a kawo masa dokinsa. Labule ya faɗo, bai sake tashi ba.

Casilda ta sauko ta bi ta lungun baya, hanyar da ƙafarta ta saba. Sai ga Leandro ya fito ta ƙaramar ƙofa, kwat a kansa, hoda ta dame da gumi a fuskarsa. Ya gan ta ya tsaya.

"Doña Casilda." Ranar ya fara kiran sunanta. "Mece ce maganar?"

"'Inna, buɗe, na dawo.'"

Ya jingina da bango. "Na san ta. Na rantse da Budurwa Maryamu na san ta."

"Kowa ya san ta bayan an faɗa masa," in ji ta. "Sau uku na faɗa maka daga sama. Kai ka zaɓa mini wurin zama."

Ta wuce.

Wata bai cika ba aka kafa farin allo a gidan. Ma'aikata suka watse, wasu dako, wasu ƙauye. Casilda ta koma wurin 'yar ƙanwarta, bayan shekara uku ta rasu. Shi kuwa Leandro, duk gidan abincin da ya shiga sai wani ya ɗaga hannu ya ce a yanke. Masu shirya fim suka daina kiransa, don fuskar da gari ke yi wa dariya ba ta sa kowa kuka.

Darasi: Wanda ka kora daga kusa da kai, ko ya yafe maka, taimakonsa ba zai iso ka daga nesa ba. Girman kai kuma ba ya kayar da mai shi shi kaɗai, da bayin Allah yake tafiya. Ku tura wa duk wanda tafi ya fara toshe wa kunne. Kai kuma da na fara da kai, akwai mai rufa maka asiri kullum wanda ko gaisuwa ba ka yi masa. In ƙarya na yi, fito ka musa.