Ƙusa Uku a Ƙarƙashin Roba

Akwai wani mai gyaran teburin sinuka da ake ce wa Gwani. Ba mutane suka raɗa masa sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta a ƙofar shago da manyan baƙaƙe, har sunan ya bi shi. Gaskiya ya iya aiki, amma bakinsa ya fi hannunsa gudu.

Ga wanda bai san teburin ba, shi ne koren nan mai aljihu shida, da ake zungurar ƙwallaye a kansa da doguwar sanda. A gefensa akwai katako shida, kowanne da roba a liƙe ƙarƙashin ƙyalle. Robar nan ita ce ran teburin. In tana da rai, ƙwallo ta buge ta sai ta dawo da gudu. In ta mutu, sai ka ji "dum", ƙwallo ta tsaya a nan kamar an riƙe ta.

A hannun mahaifinsa Gwani ya koyi sana'ar. Amma in kana so ka ga fuskarsa ta canja, ambaci tsohon. Shekara ashirin da suka wuce aka kama aikin Baba da ƙusa a cikin roba, abin da a sana'arsu babu abin kunya kamarsa. Tun daga ranar aka laƙaba masa Mai Ƙusa, masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. Gwani kuwa ya buɗe nasa shagon, duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Ni fa ba irin aikin tsoho nake yi ba."

Yanzu Baba shekararsa biyu a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ƙanwar Gwani ce ke jinyarsa. Shi Gwani yakan leƙa daga bakin ƙofa, ya ce sannu, ya kama gabansa.

Wata rana wata dattijuwar likita da ta yi ritaya ta aika a kira shi. Ta gaji wani tsohon teburi a wurin mahaifinta, tana so a canja masa roba.

Ta kai shi wani ɗaki can ƙuryar gida. Tagogi a rufe, fanka ta yi tsatsa, ko'ina warin tsohon katako da kafur. Da suka yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe teburin da shi, Gwani ya zagaya yana duba shi. Baƙin katako ne mai nauyi, ƙafafunsa kamar turmi, irin wanda an daina yi tun kafin a haife shi.

Likita ta ce, "Shekara ashirin ba a buga shi ba. Mahaifina ne ya rufe shi cikin fushi, har ya rasu bai sake kallonsa ba. Sau biyu ina sauya gida da shi."

Gwani ya ɗauki farar ƙwallo ya shiga gwada gefe gefe. Biyar sun tsufa, amma suna ɗan motsi. Na shida, wanda ke ta wajen bango, ya ce "dum".

Sai ya bushe da dariya. "Likita, wane ne ya yi muku wannan ta'asar? Ai ko mai facin taya ba zai yi haka ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta dube shi ta saman gilashinta, ta ce, "Kwance dai ka gani, Malam." Ta fita ta ja ƙofa.

Ya sa sifana ya kwance notuna, ya kifar da katakan a ƙasa. Masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a: duk wanda ya canja roba, yakan bar alamarsa da fensir a bayan katako, inda ido ba ya kaiwa. A bayan na farko ya ga ɗan da'ira da ɗigo a tsakiya. Alamar Baba ce.

Na biyu ma haka, har na biyar. Da ya zo kan na shida, ya ɓanɓare ƙyallen, sai ga kawunan ƙusa uku sun yi tsatsa a cikin roba.

Ya san ƙusoshin nan, domin shi ya buga su.

A nan ne komai ya dawo masa. Ranar suna cikin aiki aka zo aka ce mahaifiyar Gwani ba lafiya. Baba ya tafi duba ta, ya bar masa katako ɗaya tak. Ya ce, "Kankare tsohon gam har ka ga farin katako. Shafa sabo, ka jira ya sha iska, sannan ka ɗaure ya kwana." Gwani a lokacin yana da shekara ashirin da biyar, abokai na jiransa. Bai kankare komai ba. Ya shafa gam a kan datti, da roba ta ƙi zama ya danna mata ƙusa uku, ya ja ƙyalle ya rufe.

Bayan wata biyu ƙusa ta leƙo ta yage ƙyalle a gaban baƙin mai gida. Aka kira Baba, aka wanke shi tas a bainar jama'a. Gwani bai ko je ba.

Amma abin da ya kashe masa jiki yanzu ba ƙusoshin ba ne. A bayan wannan katakon ma akwai da'ira da ɗigo. Shi kuwa ya san ranar da ya rufe aikin babu wata alama a wurin.

Jama'a, kun san zuciya. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya zare ƙusoshin ya jefa a kwandon shara a tsakar gida. Ya ce a ransa, wa ya sani? Tsoho ba ya magana, mai gida ya mutu.

Ya yi aiki na tsakani da Allah. Ya kankare, ya auna, ya yanka sabuwar roba, ya ɗaure ta kwana. Washegari da hantsi ya dawo ya mayar da komai, ya ɗauki farar ƙwallo.

Gefe biyar suka amsa garau. Na shida ya ce "dum".

Ya sake bugawa da ƙarfi. Ƙwallon ta je ta manne da robar, ko motsi. Ya matsa robar da yatsa, sabuwa ce fil, tana lotsawa tana dawowa. Ya kwance, ya sake yanko wata, ya sake kwana ɗaya.

Rana ta uku, tun kafin ya ɗauki sanda, ya ajiye ƙwallon a tsakiyar teburi don ya goge hannunsa. Yana juyowa ya ga tana tafiya. A hankali, ba sauri, ta ratsa koren ƙyallen har ta je ta jingina da gefe na shida. "Dum."

Ya ce ƙila teburin ne ya karkace. Ya ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsaye, ya ɗora a kwance. Ɗigon yana tsakiya cak. Ya mayar da ƙwallon, ya ja da baya. Ta sake tafiya, ta tsaya a daidai wurin. Babu iska a ɗakin, rana tsaka ce.

Ya zura hannu a aljihun teburin da ke kusa don ya ɗauko wata ƙwallon, sai wani abu ya soke shi. Ya fito da hannun. Ƙusa uku masu tsatsa, da ɗigon jini a yatsarsa.

"Ni ban sa su a nan ba," in ji wata murya a bayansa. Likita ce a bakin ƙofa, bai ji shigowarta ba. "Kuma tun shekaranjiya aka kwashe shara."

Gwani ya juya ƙusoshin a tafin hannunsa.

Ta shigo ta zauna a kan wata kujera mai ƙura. Ta ce, "Ina nan ranar da mahaifina ya kira mai gyaran. Babu irin maganar da bai gaya masa ba. Dattijon ya kwance katakon, ya daɗe yana kallon ƙusoshin. Sai ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya yi alama, ya ce, 'Aikina ne, ku yi haƙuri.' Ya roƙa a bar shi ya gyara, mahaifina ya kore shi."

Ta ƙara da cewa, "Shekara ashirin abin yana damuna. Mutum zai sa alama a kan aikinsa bayan wata biyu? Shi ya sa na ce ɗansa za a kira mini."

Ga ƙofa a buɗe. Gwani yana iya cewa bai san komai ba, ya tattara kayansa. Ya dubi ƙofar, ya dubi ƙwallon da ke jingine tana jira. Sai ya durƙusa a wurin.

Ya ce, "Ni ne, Likita. Ni na buga su. Baba bai taɓa sa ƙusa a roba ba. Ya ɗauki laifina, ni kuma na hau kansa na yi suna."

Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ya yi kuka kamar ba babba ba. Likita ba ta lallashe shi ba. Fensir kawai ta miƙa masa.

Ya kwance katakon karo na uku. Bai taɓa robar ba. Ya goge da'irar Baba da ɗan yatsa, ya zana tasa alamar kusa da ramukan ƙusa uku, ya ɗaure notuna. Ya ɗauki sanda ya zunguri ƙwallon a hankali.

Ta buga gefe na shida, ta dawo da gudu, ta zo har hannunsa.

Likita ta ce, "Ba ni ya kamata ka gaya wa ba. Tashi ka tafi."

Ko kayan aikinsa bai ɗauka ba, sai ƙusoshin nan uku kawai. A ƙofar gida ya ci karo da ƙanwarsa, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Yaya, ina ka shiga? Kwana uku Baba yana ƙwanƙwasa katakon gado da yatsa, dum, dum, ya ƙi ci ya ƙi sha. Ɗazu kawai ya daina."

Yau dai bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya shiga ya durƙusa a gefen gado. Tsohon yana numfashi sama sama, idonsa a kan rufi. Gwani ya buɗe hannun Baba mai lafiya, ya zuba masa ƙusoshin, ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya juyo da ido. Leɓensa ya daɗe yana motsi. Mutumin da shekara biyu ba a ji muryarsa ba, sai ya ce, "Ƙwallon ta dawo?"

"Ta dawo, Baba."

Rabin fuskarsa ya yi murmushi. Bai ƙara cewa komai ba, kwana huɗu bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

A wurin zaman makoki Gwani ya miƙe ya faɗi gaskiya da bakinsa. Sai dai da yawa cikin waɗanda suka yi wa tsohon dariya sun riga shi tafiya, sun tafi suna ɗauka Baba ne ya buga ƙusoshin. Wannan shi ne abin da har yau yake cin Gwani a rai.

Ya sa fenti ya shafe sunan da ke ƙofar shagonsa. Yanzu shi ake ce wa Mai Ƙusa, kuma yana amsawa.

Darasi: In wani ya rufa maka asiri da mutuncinsa, kada ka mayar da shirunsa tsanin hawanka. Amsa laifinka, ka wanke shi tun yana da kunnen ji, tun waɗanda suka zarge shi suna raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ƙila akwai wanda iyayensa ke jiran kalma ɗaya daga bakinsa yau.