Ƙullin Dafin Kakar Wake

Dalilin da ya sa waken fari, wannan da ba ya tsoron ƙarancin ruwa, yakan haifi mai sandarar da ƙafa alhali iyayensa lafiya lau suke, ku matso ku ji. Kai Tanimu, cire yatsa daga hanci tukuna.

Da can waken nan ba shi da dafi ko ɗigo. Akuya ta ci, fara ta ci, har jaki ya sa baki. Abin ya ishi wata tsohuwar ƙwayar wake, Iya Dunƙule, ta mirgina har ramin kunama ta roƙo dafi, ta ƙulle a haɓar zane. Duk ɗan da ta haifa sai ta lasa masa. Akuyar da ta fara ci ta sandare a tsaye kamar turmi, kaji suka yi ta hawa kanta.

Sai aka yi shekarar fari. Gero ya ƙone, dawa ta ƙone, wake kaɗai ya yi. Wani manomi, Shekarau, ya ci shi safe da rana har ƙafafunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ga damina na tafe, ga iyali, kuma ba a noma da sandararriyar ƙafa. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya sa aka jingine shi a bakin rumbun da Iya Dunƙule take ciki.

Ya ce, "Iya, ni da akuya duk ɗaya ne a wurinki? In ban yi noma bana ba, wa zai shuka ki?"

Ta ce, "Ka yi gaskiya, ɗan nan. Daga yau ba ɗan da zan ƙara lasa wa."

Ta kuwa cika alkawari. 'Ya'yan baya suka fito garas, ƙafar Shekarau ta saki, har ya yi rawa a kasuwa ba kiɗa.

To amma kun san kaka. Ran nan jikanta ya zo gaishe ta, ta lalube ɗaki ba ko ƙuli-ƙuli. Ta kwance haɓar zane ta ce, "Ungo, maigidana, ɗan lasa kaɗan. Kada ka gaya wa uwarka." Ta kuma sam wa tsofaffin ƙawayenta, su ma suka riƙa ba nasu jikokin. Wanda ya lasa wajen kaka ɗaya, dafin kwanciya yake ya yi shiru. Wanda ya zaga ya lasa ta wajen uwa da ta wajen uba, shi ne mugun.

Shekarau ya sake sandarewa, wannan karon a tsakiyar kunya, fartanya a sama. Aka ɗauko shi a haka, jikarsa Lantana na biye.

Ya ce, "Haba Iya, ina amana?"

Ta ce, "Na ci, ban musa ba. Amma jika ya zo ya koma hannu wofi? Mene ne wancan a kumatun yarinyar nan?"

Alewa ce, wadda uwarta ta hana saboda haƙori, Shekarau da kansa ya ba ta a ɓoye da safen nan. Ƙafar kuwa ba ta ƙara saki ba, a kan jaki ya ƙarasa nomansa.

Shi ya sa har yau masu zaɓen iri ba sa yarda da kyan ƙwaya. Sai sun bi kakanninta ta ɓangare biyu, kamar masu binciken aure.